Yadda ake biyan kuɗi mai kauri alhali takardun lamunin gida suna gaban banki

Tsakanin ranar da ma'aikaci ya miƙa takardunsa na neman lamunin gida da ranar da kuɗi zai faɗa asusun mai sayarwa, sai a ci watanni. A cikin watannin nan kuwa hidima ba ta jira. Hukumar alhazai za ta sanar da ranar rufe karɓar kuɗin kujera, dangin ango za su zo da maganar sa rana, ruwa zai janye daga fadamar Argungu ko ta Suru a shiga neman taki da man injin ban-ruwa. Ga miliyan biyu ko uku zaune a asusu, waɗanda aka tara saboda gidan. Dole zuciya ta riƙa leƙensu.

Babu dokar da ta hana ka taɓa kuɗinka don kana neman lamuni. Sai dai banki ya gina shawararsa ne a kan abin da ya gani ranar da ya duba ka: albashinka, bashin da ke wuyanka, da abin da ka ajiye. Yana da ikon sake dubawa kafin ya saki ko kwabo, kuma idan jira ya yi tsawo yakan nemi sabuwar takardar bayanin asusu da takardun albashi na watannin baya-bayan nan. In ya tarar miliyoyi sun fita ko sun shigo babu bayani, fayil sai ya koma baya. Haka abin yake ko lamunin Asusun Gidaje na Ƙasa kake nema, wato NHF, wanda ake bi ta bankunan jinginar gida zuwa babban bankin jinginar gidaje na tarayya, FMBN, ko kuwa ka kauce wa kuɗin ruwa ka nufi bankin Musulunci irin Jaiz ko TAJ da tsarin ijara, wato haya, ko musharaka, wato tarayya a mallakar gidan. Kwangila ce ta bambanta, amma tantancewa iri ɗaya ce.

Mataki na farko: gano inda fayil ɗinka ya kai

Kada ka yi zato, ka je ko ka kira jami'in da ke riƙe da fayil ɗin. Ko dai ana kan tantancewa, ko an ba ka takardar tayi kana cika sharuɗɗanta, ko an gama komai ana jiran sakin kuɗi. Mutane da yawa suna ganin takardar tayi sai su saki jiki, su ɗauka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Takardar tana da wa'adi, tana da sharuɗɗan da sai an cika su a saki kuɗi, kuma galibi akwai sakin layin da ya ba banki damar janyewa idan halin aljihunka ya canza. Ka karanta ta har ƙarshe, ka rubuta ranar ƙarewar wa'adin a inda za ka riƙa gani.

Mataki na biyu: raba kuɗin da ke hannunka kashi uku

A takarda za ka yi wannan, da biro, kafin ka buɗe manhajar banki.

Kashi na farko shi ne kasonka na kuɗin gidan, wanda banki ya ce sai ka kawo kafin ya ɗora nasa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wannan kason ba naka ba ne kuma, ko da yana kwance a asusunka.

Kashi na biyu shi ne kuɗin takardu, kuma a nan ne lissafin mutane ke yawan rushewa, domin ba sa saka shi tun farko. Akwai ladan mai kimanta darajar gida, akwai na lauyan da zai binciki takardar mallaka a ofishin filaye, wanda a Kebbi yanzu aikin ya ratsa ta KEBGIS, hukumar bayanan filaye ta jihar. Akwai neman amincewar gwamna, domin dokar amfani da filaye ta 1978 ta ce ba a jinginar da fili mai takardar mallakar gwamnati sai da yardarsa. Akwai kuɗin hatimi da na rajistar jingina, akwai inshorar gobara da ta rai, ko takaful ga masu tsarin Musulunci. Dillali ma yana jiran la'adarsa. Ka roƙi banki ya rubuta maka jerin waɗannan da kiyasin kowanne, ka ƙara wani abu a kai, don da wuya su tsaya inda aka kiyasta.

Abin da ya rage bayan waɗannan biyu shi ne kashi na uku, kuma daga cikinsa kaɗai za ka iya yin wata hidima. Ko shi ɗin ma ni ban ga hikimar kwashe shi tas ba. Asusun da ya koma fayau mako biyu kafin sakin lamuni ba ya ba jami'i ƙwarin gwiwa, kai ma kuma za ka buƙaci kuɗin fenti, mita da jigilar kaya.

Mataki na uku: wane irin biya ne?

Ba duk biya mai kauri ne ke cutar da fayil ba. Wani ma gyara shi yake yi.

Mu fara da biyan tsohon bashi, domin shi ne mai buƙatar lissafi. Ƙa'idar da ake bi ita ce abin da za a riƙa cirewa duk wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi, kuma bankuna kan haɗa har da sauran basussukan da ake yanka maka. A ce malami ne a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko a kwalejin Waziri Umaru, albashinsa naira 300,000. Kashi ɗaya cikin uku 100,000 ke nan. Ya samu gida a Gesse ko Badariya na miliyan 15, an ce ya kawo kashi 10 cikin 100, wato miliyan 1.5, a ba shi miliyan 13.5. Lamunin NHF kashi 6 cikin 100 ne a shekara. In aka shimfiɗa shi a shekara 20, kowace miliyan ɗaya tana cin kusan naira 7,160 a wata, don haka miliyan 13.5 za ta ci kusan 96,700. Ya shiga, da ƙyar.

To a ce ƙungiyar adashin gata ta wurin aikinsa tana yankar masa 30,000 duk wata, saura 600,000 ya gama biya. Yanzu sararin da ya rage masa 70,000 ne, wanda ba zai ɗauki fiye da kusan miliyan 9.8 ba. Ragowar bashin 600,000 ta tauye masa lamunin kusan miliyan 3.7. A irin wannan hali, biyan bashin gaba ɗaya shi ne daidai, kuma sau da yawa bankin da kansa ne zai ba da shawarar haka. Amma a dubi inda 600,000 ɗin za ta fito. Idan daga miliyan 1.5 ta kason gida ya ciro ta, ya toshe wata kafa ya buɗe wata: albashi ya wadatar, kaso ya gaza. Idan kuma rance ya ci a wani wuri don ya biya, bai yi komai ba sai canza wa bashi suna. Daga kashi na uku za ta fito, ko daga sayar da wata kadara.

Idan basussukan sun fi ɗaya kuma kuɗin ba zai share su duka ba, ka fara da wanda yankansa na wata ya fi yawa idan aka gwada da ragowarsa. Bashin da saura 200,000 amma yana cin 25,000 a wata ya fi cancantar a kashe shi a kan wanda saura miliyan ɗaya yana cin 20,000. Rage bashi rabi kuwa, in bai rage abin da ake yanka duk wata ba, bai taimaki fayil da komai ba.

Nau'i na biyu shi ne biyan da ya shafi gidan kansa: kasonka, ko kafin alƙalami. A nan matsi daga dillali yake zuwa. Zai kira ka da dare ya ce, "Alhaji, wallahi wani ya taya daga Sakkwato, gobe zai turo kuɗi. Ka sa ko miliyan ɗaya a riƙe maka." Amsar ita ce sai lauya ya gama bincike, kuma sai banki ya faɗa maka a rubuce inda za ka zuba kuɗin. Yawanci asusunka na bankin jinginar ake so ka zuba kason, su haɗa da nasu su biya mai gida. Wanda ya miƙa wa mai sayarwa kai tsaye ba da sanin banki ba yana iya shan wahala kafin a yarda a lissafa masa abin da ya biya. Idan babu makawa sai an ba da kafin alƙalami, a rubuta yarjejeniya gaban lauya da shaidu, a faɗi a fili cewa kuɗin wani ɓangare ne na farashin gida, kuma za a mayar idan lamuni bai fito ba ko takarda ta samu matsala. Gidan gado kuwa, kada ko sisi ya fita sai an ga takardar rabon gado ko sa hannun magada duka. Ɗan'uwa ɗaya da ke Legas bai sa hannu ba ya isa ya tsayar da ciniki shekara guda.

Ma'aikacin da ke cikin tsarin fansho na karo-karo yana da wata ƙofa. Tun Satumba 2022 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta ba da damar amfani da har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun fansho wajen biyan kason gida, ga wanda aka zuba masa na aƙalla wata 60 kuma saura masa shekara 3 ko fiye ya yi ritaya. Kuɗin ba ya biyowa ta hannunka, kai tsaye ake tura shi bankin jinginar, kuma idan bai kai kason ba sai ka fara zuba cikon. Wanda ya bi ta nan ya samu sarari a ajiyarsa, amma ya tuna daga guzurin tsufansa ya yanka.

Nau'i na uku shi ne wanda bai shafi gida ko bashi ba: Hajji, kayan ɗaki, kuɗin makaranta, mota, noman rani. Kujerar Hajji a 2025 ta haura naira miliyan 8 ga maniyyatan arewa, ba abin da zai fita daga asusu ido bai gani ba. Tambaya ɗaya ce: zai iya jira? Mota za ta iya. Canza kujerun falo zai iya. Taki da iri ba za su iya ba, aure da aka sa wa rana ma da wuya. Abin da zai iya jira, a bar shi sai lamuni ya fita an ga alat a wayar mai gida. Wanda ba zai iya ba, a yi shi daga kashi na uku, a bi sauran matakan.

Mataki na huɗu: sanar da banki kafin ka biya

Kafin, ba bayan ba, kuma a rubuce. Ba doguwar wasiƙa ake nema ba. Layi huɗu sun isa: ranka ya daɗe, ina da niyyar biyan naira kaza ranar kaza ga wuri kaza saboda dalili kaza, kuɗin daga ajiyata ne, ba rance ba, bayan biyan, naira kaza za su rage a asusu, ina neman a sanar da ni idan hakan zai shafi buƙatata. Ka sa lambar fayil, ka kai kwafi biyu a buga maka hatimin karɓa a ɗaya, ko ka tura ta imel. Maganar baki a bakin kanta ba ta zama a fayil, kuma jami'in da ya ce maka "ba komai, Malam, je ka biya" ana iya yi masa canjin wurin aiki kafin wata ya ƙare.

Ka saurari amsar da kyau. Wani lokaci za a ce ka fara zuba kasonka a asusun jinginar tukuna, sannan ka yi hidimarka da abin da ya rage. Wannan shawara ce mai kyau ko ba a ba ka ita ba, domin da zarar kason ya zauna inda aka tanada, ragowar motsin asusunka ba ya tayar da hankalin kowa sosai.

Mataki na biyar: biya ta hanyar da ke barin sawu

Tiransifa daga asusunka mai sunanka zuwa asusun wanda ake biya mai sunansa. Ba ta asusun dillali ba, ba ta na ƙanen mai gida ba, ba ta mai POS na bakin kasuwa ba. Kafin ka danna, ka duba sunan da ya fito a allo ya yi daidai da wanda ke cikin yarjejeniya harafi da harafi.

Akwai ɗan gurbin nan na rubuta dalilin biya, wanda yawancinmu ke tsallakewa ko mu rubuta "kuɗi" kawai. Shi ne zai bayyana a takardar bayanin asusu bayan wata uku, lokacin da kai kanka ka manta. Ka cika shi: cikon bashin ƙungiya, kuɗin kujerar Hajji, kafin alƙalamin gida mai lamba kaza. Idan kuɗin ya fi ƙarfin iyakar manhajarka, ka shiga banki ka cike takardar tura kuɗi sau ɗaya, ya fi ka yi kwana huɗu kana turawa gutsi-gutsi.

Tsabar kuɗi kuwa a bar ta. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar da ta wuce naira miliyan 5 sai ta hanyar banki, kamfani kuma miliyan 10. Bankuna suna kai rahoton hada-hadar da ta haura waɗannan adadi ga NFIU, hukumar da ke tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi, abin da ba laifi ba ne ga mai halal ɗinsa, aikin yau da kullum ne. Abin da dokar ta ɗauka laifi shi ne rarraba kuɗi da gangan don kauce wa rahoton. Don haka mai ba ka shawarar ka kasa miliyan 6 gida uku "don kada a gani" ba gata yake maka ba.

Mataki na shida: idan kuɗin daga waje zai shigo

Wannan ya fi shafar mutanenmu, domin da wuya ka samu ma'aikaci a Kebbi da ba ya taɓa noma, kiwo ko 'yar saye da ajiya. Kuɗin da ya shigo asusu bagatatan yana jawo tambaya fiye da wanda ya fita, saboda abin da banki ke tsoro shi ne ɓoyayyen bashi.

Idan shinkafa ka sayar, ko ga kamfani irin Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu ko ga 'yan kasuwa, ka nemi a biya ka ta asusu, ka riƙe takardar awo da rasit. Albasar Aliero ko shanun da aka sayar a kasuwa, inda ciniki ya fi tafiya da tsaba, ka sa a rubuta takardar ciniki mai kwanan wata, adadi da sa hannun mai saye da dillali, ka kai kuɗin banki a ranar ko washegari yadda kwanakin za su yi daidai. Kwasar adashi, uwar adashi ko shugaban ƙungiya ya rubuta cewa kwasarka ce, kodayake ka sani idan zubi bai ƙare ba jami'i na iya kallonsa a matsayin nauyin da ke kanka.

Gudummawar ɗan'uwa ita ce mai ɗan nauyin baki. Yaya ya turo miliyan ɗaya, kunya ba za ta bar ka ka ce ya rubuta takarda ba. Ka daure ka ce, "Yaya, banki ne ke son shaida cewa kyauta ce ba rance ba." Ya rubuta sunansa, dangantakarku, adadin, da cewa ba ya jiran a mayar, ya sa hannu, kuma ya turo daga asusunsa. Idan kuwa rance ne, a faɗa wa banki rance ne. Kiran bashi kyauta a takardar da aka sa wa hannu ƙarya ce, kuma tana iya rushe lamunin ko bayan an amince.

Mataki na bakwai: tattara shaida, ka kai da kanka

Rasit na tiransifa, rasit na wanda ya karɓa, da sabuwar takardar bayanin asusu mai hatimin banki. Idan bashi ka biya, ka karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, ka kuma bi sashen albashi a tsayar da yankan, don yakan ci gaba da fitowa wata ɗaya ko biyu bayan an biya. Haka ma rumbunan bayanan bashi, CRC, FirstCentral da CreditRegistry, ba nan take suke sabuntawa ba, sai mai ba da bashin ya aika musu. Dokar bayanan bashi ta 2017 ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara. Ka nema bayan 'yan makonni, idan bashin da ka biya yana nan a rubuce, ka shigar da ƙorafi da takardar shaidarka.

Har zuwa ranar sakin kuɗi, kada ka ci sabon bashi kowane iri, har da 'yan ƙananan nan na manhajar waya da masu yanka daga albashi. Kada ka karɓi babur ko firiji a biya sannu-sannu. Kada ka tsaya wa kowa a banki, domin mai tsayawa ma sunansa na shiga lissafi. Kada ka sauya asusun albashi. Tsohon bashin da ka manta a wani banki ma ka neme shi ka biya: tun Agusta 2020 tsarin GSI na Babban Bankin Najeriya ya ba masu bin bashi damar cirewa daga duk asusun da ke ɗauke da BVN ɗinka, kuma ba ka son hakan ta faɗa kan kuɗin gida.

Wanda kuma ya riga ya biya kafin ya ga wannan bayani, kada ya yi shiru yana fatan ba za a lura ba. Ya haɗa rasit da gajeren bayani ya kai yau. Idan kason gida ne ya taɓu, ya faɗi nawa ne giɓin da ranar da zai cike shi da kuma inda cikon zai fito, sannan ya nemi a tsawaita wa'adin takardar tayi a rubuce kafin ya ƙare. Idan giɓin ya fi ƙarfin 'yan watanni, ya tambaya ko za a sake lissafa lamunin a kan gida mai rahusa, ya kuma sanar da mai sayarwa da wuri don a san matsayin kafin alƙalamin da ke hannunsa.